Zaren da Ba a Ƙulle Ba

Saura minti arba'in a fara wasa Raymond ya miƙo min rigar. Muna wurin ajiye motoci na wani fili a Springfield, ina fama da kular shinkafa a but ɗin mota, ko kai ban ɗago ba.

"In yagewa ta yi, ka kai wa tela," na ce. "Ni kallo na zo."

Raymond ɗana ne na fari, shekararsa ashirin da biyu, ƙato kamar ubansa. Tun yana sakandare yake buga zari-ruga, wasan nan da ƙarti ke rungume ƙwallo suna kayar da juna, su tashi baki duk jini suna dariya. Ban taɓa son wasan ba, amma ban taɓa fashin zuwa ba. Ni nas ce, kuma na fi yarda da idona a kan likitan ƙungiyarsu.

Da ya ƙi janye hannu sai na duba. Rigar ba tasa ba ce. Tsohuwa ce mai kauri, shuɗinta ya koɗe, an yi mata faci a kafaɗa. Ya juya cikinta, sai ga sunaye an ɗinka da jan zare, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ya yi min bayani da Turanci, kamar yadda ya saba, ni in yi Hausa shi ya amsa da nasa. Wai tun lokacin yaƙin duniya na biyu ƙungiyarsu take da wannan al'ada. Duk ɗan wasan da zai tafi soja, shi ke sa rigar a wasan tunawa da mamata na shekara. Uwarsa ce ke ɗinka sunansa a ciki, ta bar bakin zaren yana reto. Ranar da ya dawo, shi zai ƙulle da hannunsa.

Na ƙirga. Sunaye goma sha ɗaya. Huɗu zarensu yana reto har yau.

"To ni sunan wa zan ɗinka?" Na san amsar, amma ina so ya faɗa da bakinsa.

Ya ce ya riga ya sa hannu a takardar shiga soja. Nan da mako uku zai tafi horo.

Na jingina da mota. Na waiga neman Katung, maigidana. Ashe tun isowarmu ya sulale, wai zai sayo ƙanƙara, alhali kular lemo cike take da ita. A nan na gane ya sani. Shekara ashirin da biyar muna tare, mutumin nan bai taɓa sayo ƙanƙara don kansa ba sai yau.

"Ka san abin da na baro a Kafanchan?" na ce masa. "Da hannun nan na ɗinke mutanen da aka sara lokacin rikici, kana goye a bayana. Na kawo ka ƙasar nan don kada ka taɓa jin ƙarar bindiga. Yanzu ka je ka nemo ta da ƙafarka, ka zo min da allura?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce in ban ɗinka ba, koci zai ɗinka, haka ake yi. Ya ajiye rigar a kan but, allura da zare a samanta, ya nufi wurin abokan wasansa.

Na rantse a raina ba zan taɓa ta ba. Ya tafi in zai tafi, amma ba da hannuna ba. Na shiga mota na ja ƙofa. Agogo ya nuna saura minti ashirin da biyar.

Ana nan aka ƙwanƙwasa gilashi. Hajiya Ajara ce, 'yar Kumasi, mai kula da tsofaffi a Sterling. Duk shekara nakan gan ta a wannan wasan, zaune ita kaɗai a ƙarshen benci. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, na ɗauka jikanta take zuwa kallo. Rigar da allurar suna hannunta.

"Maman Raymond, iska za ta yar da ita," ta ce.

"Ta yar, Hajiya."

Ta zagayo ta shiga ta zauna kusa da ni, ta shimfiɗa rigar a cinyarta. Ta sa yatsa a kan suna na tara. Abdul-Shakur. Zarensa yana reto.

"Ɗana ne," ta ce. "A Afganistan ya rasu."

Na ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin.

"Dubi ɗinkin da kyau."

Na duba. Sauran sunayen a tsare suke, kowanne da irin hannun uwarsa. Wannan kuwa a karkace yake, haruffa wani ya hau wani, kamar aikin ɗan firamare.

"Ni tela ce kafin in zo ƙasar nan," in ji ta. "Shekara goma sha takwas ina kan keke a Kumasi. A mota na zauna ranar, kamar ke. Na ce ba da hannuna ba. Koci ya ɗinka." Ta shafa haruffan da babban yatsa. "Fushina bai hana shi tafiya ba. Daga baya sun ce in warware in sake, na ƙi. Ɗinkin da ya gani ke nan ranar da ya sa ta."

Daga fili aka busa usur na kiran 'yan wasa. Saura minti goma sha biyu.

Sau uku ina kuskure ramin allura kafin zare ya shiga, ni da nake samun jijiyar jariri a karo ɗaya. Hajiya ta riƙe min bakin rigar ta ja ta miƙe. Ban daina fushi ba, kuma ban yarda da tafiyar ba. Ina ɗinki hawaye na ɗiga a kan yadin, ina gogewa da gefen hannu don kada in karkace. Harafi bakwai, na yi su ƙanana a jere, irin ɗinkin da nake yi wa fatar goshi don kada ya bar tabo.

Ina kan na ƙarshe Raymond ya iso da gudu, ya tsaya a bakin ƙofa yana haki. Lasifika ta fara karanto sunayen waɗanda ba su dawo ba. Na bar zaren da tsawo, kusan kamu guda, na yanke da haƙori.

Ya kalle shi, ya ce da Turanci ya yi tsawo, zai dame shi a wasa.

"Ya dame ka," na ce. "Duk inda kake ka riƙa jin sa. Ni ba zan ƙulle maka ba, Raymond. Ubanka ma ba zai ƙulle ba."

Ya sa rigar. Sai ya durƙusa a kan kwalta, abin da rabonsa da yi tun yana yaro, ya buɗe baki da karyayyiyar Hausarsa.

"Na ji, Mama."

Ya tashi ya ruga fili. A daidai lokacin lasifika ta kira Abdul-Shakur. Hajiya Ajara ta kama hannuna, allurar tana ciki, ta matse har ta soke ni. Ban janye ba.