Farin Dutsen Murdo

'Yan yawon buɗe ido goma sha ɗaya na kwaso daga garin Fort William ranar Asabar ɗin nan, yawon awa uku, a zaga duwatsu a dawo kafin abincin rana. Ni ne direba, ni ne mai surutu. Misis Rennie mai motar kan ce bakina ta ɗauka aiki, hannuwan gyara ne.

Na nuna musu kangayen da aka kori kakanninmu, aka ƙone gidajensu don a zuba tumaki. Wata ta ce, "Kai, wurin nan akwai shiru mai daɗi!" Na ce, "Ƙwarai, ranki ya daɗe, da wuta aka samo shi." Suka kwashe da dariya. Sai na saki wadda nake saki kullum: duk wanda ya tafi da dutse ɗaya daga ƙasarmu, ƙafarsa sai ta dawo. Ni na ƙirƙiro ta bara, ba wani kaka da ya taɓa faɗa.

Inda muka saba tsayawa manyan motoci sun cika shi, sai na ƙara gaba na tsaya a kwanar da ban taɓa tsayawa da baƙi ba. A nan tarin duwatsun Murdo yake. Murdo yayana ne. Shekara biyu ke nan da ya fita neman tumaki cikin dusar ƙanƙara, a wurin aka tsinci gawarsa. Duk ɗan gari da ya wuce sai ya ƙara dutse. A can sama akwai fari guda mai jan zane, wanda Mama ta ɗauko daga bakin tekun tsibirin da ta haife shi. Duk Lahadi in an tashi daga coci sai na kawo ta ta shafa shi.

Na ce musu minti goma, na zaga bayan mota in amsa wayar Misis Rennie. Na dawo, babu farin dutse.

Na kulle motar, na jefa makulli a aljihu.

"Jama'a, wa ya ɗauki farin dutsen da ke saman nan?"

Kowa ya koma kallon gajimare.

"Na yayana ne. Nan ya mutu. Ba tsaraba ba ce."

Wani mai jan wando, Mista Pemberton, wanda tun safe yake gyara mini tarihin garinmu daga cikin littafi, ya ce, "Samari, dutse fa dutse ne. Ga su nan burjik. Buɗe mota, jirgin ƙasa muke son kamawa."

"Yallaɓai, jirgi ma jirgi ne. Akwai wani gobe."

"Ka san zan iya sa a kore ka?"

"Layi za ka bi, akwai mutum huɗu a gabanka."

Abin da na sani su ba su sani ba, iska ta tsaya. In iska ta tsaya a kwanar nan cikin Agusta, ƙudan cizo ke karɓar gari, 'yan mitsi-mitsi kamar garin barkono. Na zaro hular raga daga aljihu na rufe fuska, na zauna a kan taya na harɗe ƙafa.

Minti biyu ba a yi ba aka fara tafi. Mari a wuya, mari a kunne. Mai son shiru mai daɗi ta fara tsalle tana ihu. Pemberton yana kaɗa littafinsa kamar mai fifita wuta.

"Wannan zalunci ne!"

"A'a, yallaɓai, zalunci yana shafi na arba'in, inda ka karanta mana korar kakanninmu ɗazu. Wannan 'yan gida ne suka fito gaisuwa."

Waya ta yi ta kuka a aljihuna, Misis Rennie ce, wani ya kai ƙara. Na ƙyale ta. Ina ganin Mama gobe, da ciwon gwiwarta, ta miƙa hannu ta shafa iska.

Sai aljifai suka fara haihuwa. Duwatsun da suka tsinto a hanya, ɗaya, biyu, har bakwai. Bakwai! Na Pemberton ma ya fito, baƙi mummuna kamar dankalin da ya ƙone. Farin dai babu.

"Ban ga nawa ba."

Wata tsohuwa da ta zauna a bayana tun safe tana miƙo mini alewa ta buɗe jakarta a hankali. Ta naɗe shi a hankici. Fuskarta duk ta yi jajir da cizo.

"Kai ka ce, ɗana. Ka ce wanda ya ɗauka zai dawo. Shekarata tamanin da ɗaya, shi ya sa na zaɓi mai kyau."

Duk zagin da na tanada ya juyo kaina, don na san mai laifin: wannan bakin da aka ɗauka aiki.

Na karɓa na mayar. Na ce kowa ya ɗora nasa a kan tarin da hannunsa, ya faɗi sunan Murdo, da ƙarfi, in ji. Pemberton sai da na sa ya maimaita. Har muka isa gari ba ka jin komai sai susa.

Ranar Lahadi Mama ta shafa dutsen, ta tsaya.

"Lachie, wa ya juya shi? Jan zanen teku yake kallo."

Ta gyara shi. Ta dubi sababbin bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya.

"Su wa suka zo masa haka da yawa?"

"Baƙi ne, Mama."

"Ashe akwai masu hankali a cikinsu."

Na ce ta zo mu tafi, iska ta fara tsayawa.