Wadda Ta Koya Wa Na'ura Habaici

Aikin da Auta ta samu bayan ta gama makaranta na sauraro ne. Ofishin yana saman bene, dogon ɗaki mai sanyin esi wanda ba a buɗe tagoginsa. Kowa da teburinsa da kwamfuta da iyafis. Muryar wani ko wata za ta shigo mata kunne, jimla biyu ko uku, na'ura ta rubuta abin da ta ji, ita kuma ta gyara inda ta yi kuskure. Ranar da aka ɗauke su Manaja ya ce kamfanin yana gina manhaja ce don waɗanda ba su iya karatu ba, su yi wa waya magana ta amsa musu. Auta ta ji daɗin haka, don Umma ma sai an karanta mata saƙo.

Tun rasuwar mahaifinsu Yaya ne ya riƙe gidan. Shagon aski gare shi a bakin titi: kujera biyu, madubi mai tsaga a gefe, da bencin da ba ya rabuwa da mutane. Rabinsu ba aski ya kawo su ba, bakin Yaya suka zo ji. Mutum ne da ba ya kiran abu da sunansa. In an ɗauke wuta ya ce amarya ta yi yaji. In farashi ya tashi ya ce kasuwa ta hau bishiya ta janye tsani. Ko waya aka kira shi yana aski, sai ya maƙale ta a kafaɗa ya ci gaba, 'yan benci suna kwasar dariya.

Da ya ji irin aikinta sai ya ce, "To Auta, yanzu an fara biyan mutum don ya yi gulma da kunne? Da na sani ai da Umma muka kai, ta fi ki ƙwarewa."

Umma ta jefe shi da mafici.

A ofis akwai wani baƙo daga wata ƙasa mai nisa, shi ya zo da na'urar, kowa Injiniya yake ce masa. Mutum ne mai kunya, yana cin abincinsa cikin ɗan kwano a ƙarshen tebur. Akwai kuma wani abokin aikinta da ya yi karatu a wata ƙasar daban, suna kiransa Ɗan-waje, don ba ya jimla biyu bai ce "a can" ba. Su ukun sukan haɗu lokacin hutun rana.

Bayan 'yan watanni sai aka ƙara musu aiki. Ƙarƙashin kowace murya akwatuna uku suka bayyana: wasa, faɗa, barazana. Auta ta lura kuma muryoyin sun canza. Da can mutane ne ke karanta abin da aka ba su. Yanzu mace ce ke rarrashin mijinta a waya, ɗa yana yi wa uwarsa ƙaryar yana masallaci, wani yana kuka. Ta tambayi Manaja. Bai ɓoye ba, ya ce gwamnati ta karɓi manhajar saboda masu satar mutane, kuma duk wanda ya yi maganar a waje ya san inda zai kwana.

Ranar a hutun rana Ɗan-waje ne ya fara, murya ƙasa-ƙasa.

"A can da an yi haka, da minista ya sauka kafin yamma. Hoton mutum ma ba ka isa ka ɗauka ba sai da izininsa."

Injiniya ya yi murmushi. "Na je can ɗin naku. Gwamnati ba ta sauraron su, gaskiya ne. Amma kamfanoni sun san lokacin barcinsu da sunan maganin da suke sha, kuma da hannunsu suka miƙa. Mu aƙalla wanda yake kallon mu shi ne mai kare mu. A garinmu 'yata tana tafiya makaranta ita kaɗai. Ka manta jaka a tasha, gobe ka same ta. Kyamara ba ta damun wanda bai yi komai ba."

"Wa ke faɗin abin da ake kira komai?" in ji Ɗan-waje.

"Ku kun ɗauki gwamnati ɓarawo ce, mu mun ɗauke ta uba. Bambancin ke nan." Ya juyo wajen Auta. "Ku ma ai ba ku da sirri. Na ga yadda kuke zaune. Maƙwabta sun san abin da aka dafa a kowane gida."

Auta ta ɗan yi tunani. "Sun sani. Amma maƙwabciyar da ta ji faɗanmu ita ce mai zuwa ta raba. In ta kai maganar waje, na san ƙofarta, in je in tsaya a gabanta. Wannan fa, ina ƙofarsa?"

Injiniya ya ce za ta saba. Ya ce kowa yana sabawa.

Ba a daɗe ba aka kama wani direban bas a layinsu. Laifinsa, ya ce wa amininsa a waya, "In na kama ka sai na binne ka da rai," saboda ya ƙi zuwa sunan ɗansa. Sai da ya yi makonni a tsare, ya fito da hannu a kumbure. Auta ta san matarsa, tare suke ɗiban ruwa in famfo ya ɗauke. Ta je ta sami Injiniya ta ce na'urarsa kurma ce, tana jin kalma ba ta jin murya, kuma mutanen nan haka suke magana da wanda suke so.

Abin ya dame shi sosai, ta gani a fuskarsa. "To ki koya mata," in ji shi. "In ta iya bambance wasa da gaske, ba za a ƙara kama irin direban nan ba."

Ta yarda, da zuciya ɗaya. Aka ba ta tebur kusa da nasa. Ta koya wa na'urar yadda zagi yake zama gaisuwa tsakanin abokai, da yadda "babu komai" take nufin akwai komai. Ta nuna mata inda dariya take ɓuya a ƙarshen kalma. Ta bayyana mata cewa mutum yakan ambaci maƙwabci alhali da mai gida yake. Abin da ta taso tana ji a kan bencin Yaya, duk ta juye. Kamen banza ya ragu, Manaja ya yaba mata a gaban kowa, ita ma ta sami barci.

Sai wata safiya akwati na huɗu ya bayyana. An rubuta masa: habaici.

"Wannan na mene ne?" ta tambayi Injiniya.

Bai ɗago daga kwamfutarsa ba. "Ba ni na nema ba. Sun ce masu laifi ba sa magana kai tsaye."

"Ba masu laifi kaɗai ba. Duk mai tsoro haka yake yi."

"Na sani," ya ce.

Ɗan-waje ya bar aikin a makon. Yana da takardun komawa, ya koma. Kafin ya tafi ya ce mata ta gudu ita ma, ta ce masa zuwa ina, Umma fa. Ya ba ta iyafis ɗinsa don nata ya fara ƙara.

Ta yi ƙoƙarin gargaɗin Yaya ba tare da ta faɗi abin da aka hana ta faɗa ba. Wata yamma ta same shi yana goge kilifa da buroshi, ta ce ya rage surutu a waya, zamani ya canza.

"Ni me na ce? Ni da ban taɓa kiran sunan kowa ba." Ya hura kilifar. "Wanda ya gane maganata ai shi ya faɗa, ba ni ba."

Ta so ta gaya masa komai, sai ta tuna da wayoyinsu. Wayarsa tana kan tebur kusa da hoda, tata tana cikin jaka.

Ranar da muryarsa ta shigo mata kunne, ta gane ta tun daga gyaran murya. Ana jin ƙugin kilifa a bayansa da dariyar 'yan benci. Yana ba wani labarin wani kwastoma da ya hau kujera tun shagon yana sabo. An yi masa aski, an gyara gemu, an shafa hoda, an nuna masa madubi gaba da baya, amma ya ƙi tashi. Layi ya kai titi, yaran da suka zo askin suna har sun yi furfura a benci, shi kuwa sai cewa yake a ƙara rage gefen nan. A ƙasar da mutum ɗaya ya shekara aru-aru a kan mulki, ba mai bukatar a fassara masa.

Ta danna wasa. A ƙasan allon na'urar ta riga ta zaɓi nata, ta kuma rubuta dalili a tsare: wane ne kwastoman, mece ce kujerar, su wa ke kan benci. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Har salon bayanin irin na Auta ne.

Ta tashi ta je teburin Injiniya, ta ce wanta ne, ta roƙe shi ya goge. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ba daga nan ake gogewa ba, abin da suke gani kwafi ne, asalin ya riga ya wuce. Ya ce in ta ci gaba da danna wasa a inda na'ura ta ce habaici, ita ma za a lura da ita.

"Labari ne fa kawai," ta ce. "Aski yake yi. Ko taro bai taɓa zuwa ba."

"A ƙasarmu ba ma irin wannan wasan," ya ce a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

"Tun asali ba ku yi, ko dainawa kuka yi?"

Ya mayar da tabaraunsa. "Kakana yana da ban dariya," ya ce. "Haka aka gaya mini."

Da safe suka zo, jami'an tsaro uku cikin kayan gida, Yaya yana tsakiyar yi wa wani tsoho aski. Suka ce tambaya ce kawai. Tsohon ya koma gida da rabin kai, 'yan benci suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kalli wani. Maƙwabcin shagon, mai gyaran takalmi, shi ya ja ƙofar ya kawo wa Umma makulli.

Suka yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan. Ko'ina sai a duba kwamfuta a ce babu mai wannan suna. Umma ta daina cin abinci sai an matsa mata. Kullum da safe takan ce, "Ke da kike aiki wajen masu ilimi, ki tambaya mana mana." Auta ta ce to, ta ɗauki jaka ta tafi ta zauna ta sa iyafis. Ba ta iya barin aikin ba, don Manaja ya gaya mata cewa wanda ɗan'uwansa yake hannu, in ya ajiye aiki, ana ɗaukar hakan a matsayin amsa laifi. Muryoyin da take ji kuwa sai gajarta suke yi. Lafiya lau. Sai mun haɗu. Ba maganar waya ba ce. Wani lokaci mutum biyu su yi shiru a layi, tana jin numfashinsu.

Kafin damina ta ƙare aka sallami rabin ɗakin, don na'urar ba ta bukatar gyara sosai. Injiniya ma aikinsa ya ƙare, za a tura shi wata ƙasa. Ranar tafiyarsa ya tsaya a teburinta da jakarsa a kafaɗa, ya ce ya yi magana da wani a kan wanta, bai san ko za ta yi amfani ba. Sannan ya tambaye ta ko ta san wani mai kunne irin nata da yake jin yaren maƙwabtansu na kudu, inda za a tura shi. Ta mayar da iyafis kunnenta. Ya sunkuyar da kai ya fita.

Bayan watanni aka sako Yaya. Mota ta ajiye shi a bakin layi, ya tako a hankali, wandonsa ɗaure da igiya. Umma ta rungume shi tana kuka, shi kuwa yana ta cewa lafiya lau, lafiya lau. Ba tabo a jikinsa da ido zai gani. Ya ci abinci, ya yi wanka, ya zauna a tsakar gida yana kallon bango.

Sai bayan kwanaki, Umma ta shiga maƙwabta, ya yi wa Auta magana. Ya fara duba inda wayarta take, ta nuna masa ta bar ta a ɗaki.

"Sun kunna mini muryata," ya ce. "Sannan wani yaro ya karanta mini fassararta daga takarda. Kalma bayan kalma. Har abin da ni kaina ban lura na nufa ba." Ya shafa kansa da ya cika da gashi. "Na yi ta tunani a ciki. Baƙo ba zai gane wannan ba. Wanda ya koya musu, a bencinmu ya zauna."

Auta ta jira ya juyo ya kalle ta, ta shirya wa duk abin da zai ce. Bai juyo ba.

"Allah ya sa dai sun biya shi da kyau," ya ce. Babu ɗaci a muryar, babu wasa kuma. Ta saurara da kunnen da ta yi shekara tana aiki da shi, ta kasa gane ko ya sani.

Ya sake buɗe shagon, don gida sai da ci. Ya fitar da bencin ya ba mai gyaran takalmi, ya ce yana tare hanya. Masu aski suna zuwa ɗaya-ɗaya, a yi musu su biya su tafi. Wata Asabar Auta ta kai masa abinci, ta tarar da wani tsohon abokinsa a kujera. Ana cikin aski aka ɗauke wuta, kilifa ta tsaya. Abokin ya kalli Yaya ta madubi yana murmushi, yana jiran abin da zai ce.

Yaya ya ajiye kilifar ya ɗauko almakashi.

"An ɗauke wuta," ya ce. "Sunkuyar da kai."