Sumar Injiniya

Mako uku saƙon yana fitowa a fuskar wayar mai aski: akwai sabuwar manhaja, a sabunta. Kullum sai ya ture shi da babban yatsa. Ranar Laraba da hantsi, babu kowa a kan kujera, ya gaji da ganinsa ya danna.

Wayar ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Da ta dawo sai ta dawo wata iri. Bayanta ya yi zafi kamar dutsen guga. Batirin da ke kai shi yamma, kafin azahar ya ƙare. In ya taɓa nan, can ne zai buɗe. In ya nemi kira, sai fuskar ta daskare, ta yi baƙi, tambarin kamfani ya fito yana kallonsa.

Da a wani makon ne, da bai damu ba. Amma a wannan makon akwai kira a wuyansa.

Wata biyu da suka wuce ya haɗu da wata yarinya a motar dogon zango. Tana bakin taga, shi a gefenta, buhun wani a kan ƙafafunsu. Kafin ta sauka a wata mararraba ta karanto masa lambarta, ya adana da sunan Ta Bakin Taga. Bai san gidansu ba, bai san kowa nata ba. Muryarta kawai ya sani, kullum bayan ya rufe shago. Ranar Talata ya ɓata rawarsa. Ya kira sau biyu ba ta ɗauka ba, da ta ɗauka sai ya tambaye ta da wa take magana. Sai ta ce, "Na ba ka zuwa faɗuwar ranar Lahadi. Ka kira ka ba ni haƙuri da bakinka. Ni dai ba zan kira ba. In rana ta faɗi, na goge ka."

Ya san za ta aikata. Niyyarsa ya bar ta kwana ɗaya, kada ta ga ya yi saurin karaya. Sai ga wannan.

Ya tsallaka titi wurin mai gyaran waya. Injiniya ake ce masa. Rumfarsa akwatin gilashi ce, da fitila mai lanƙwasa, da tsohuwar kwamfuta, da gawarwakin wayoyi a kwali. Amma abin da aka fi saninsa da shi suma ce. Shekara biyu yana tara ta, baƙa wuluk, zagaye kamar inuwar bishiya, matajin ƙarfe a soke a gefe. Duk Lahadi yakan zo a gyara masa gefe da ƙeya. Sama kuwa ba mai taɓawa.

"Injiniya, duba min wannan. Tun da na sabunta ta ta haukace."

"Wa ya aike ka, mutumina? Tsohuwa irin wannan ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Bar ta, ka dawo gobe."

Ranar Alhamis ya dawo. Wayar ta yi sanyi, tana tafiya sumul. Ya buɗe jerin sunaye. Yaya. Kawu Tela. Mai kawo reza. Sunaye tara, waɗanda ke kan sim. Ya ja ƙasa, ya ja sama. Babu saƙo, babu hoto, babu ita.

"Me ka yi mata?"

"Filashin na yi mata. Na wanke ta tas, na mayar mata da tsohuwar manhajarta. Ka ga yadda take gudu?"

"Ka tambaye ni?"

"Ai haka muke yi. Tsaya in gaya maka..."

"Kai ba injiniya ba ne, mahauci ne!" Mata biyu da ke jiran wayoyinsu suka juyo. "Mahauci ma ya fi ka, shi yana tambaya kafin ya yanka. Ku karɓi kayanku, wannan ba abin da ya iya sai taje kai!"

"Na ce ka tsaya mana."

"Ka gaya wa sumarka."

Ya tsallaka titi bai waiwaya ba.

Juma'a da Asabar ya yi su yana ƙoƙarin tuna lambar. Ya rubuta a bayan kwalin reza, ya soke, ya sake rubutawa. Ya san akwai bakwai a ciki. Ko biyu ne. Duk wayar da ta shigo sai ya yi wuf ya duba, sai ya ga Yaya ce tana tambaya ko zai biyo ya duba mata fanka. Kawu Tela, dattijon da ke shago ɗaya da shi a bayan labule, ya leƙo da allura a baki.

"Ɗana, tun jiya kake kallon tsallaken titi kamar ka ga wanda ya kashe maka akuya."

"Ba komai, Kawu."

"To wannan kilifar askin da kake ta ɗiga wa mai, ai ta ƙoshi."

Mai aski ya ajiye kilifar. Ta gilashin ƙofa yana hango sumar tana sunkuyawa a kan fitila, tana ɗagowa, tana dariya da mutane.

Lahadi bayan la'asar Injiniya ya shigo kamar yadda ya saba. Ya zare matajin, ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"Fushin ya wuce, ko in koma?"

"Ya wuce."

"Yawwa. Gefe da ƙeya kawai. Kada ka taɓa min sama."

Mai aski ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya. Ya goge kilifa da burushi. Ya zare robar da ke bakinta, wadda ke hana ta cin gashi har ƙasa, ya ajiye a kan tebur a hankali. Ya kunna. Ya dafa goshin Injiniya da hannun hagu, ya ɗora ƙarfen a tsakiya, ya tura tun daga goshi har ƙeya. Bai yi sauri ba. Gashin ya zubo a kan ƙyallen kamar baƙar auduga.

Injiniya ya kalli madubi. Titi fari fat a tsakiyar kansa, daji hagu, daji dama.

"Filashin na yi maka," in ji mai aski. "Ai haka muke yi."

Keken ɗinkin Kawu ya tsaya a bayan labule.

Mai aski ya jira ihu, ko naushi. Ya shirya wa duka biyun. Amma Injiniya ya ɗauki dunƙulen gashi daga cinyarsa, ya juya shi a tafin hannu, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ban taɓa wanke waya ban kwashe kayanta ba. Ko ta wa ce. Awa biyu na yi da taka, tana mutuwa ina tayar da ita, har na kwashe komai. Yana kan kwamfutata. Shi nake son gaya maka ka zage ni a gaban mata. Na ce bari ka huce, yau in na tashi daga kujerar nan in mayar maka."

Kilifar tana ta ƙugi a hannun mai aski. Ya kashe ta.

"Akwai wata lamba a ciki," ya ce. "Ta Bakin Taga. Ita kaɗai nake so. Kafin rana ta faɗi."

"Ƙarasa askin."

"Injiniya, don Allah..."

"Na ce ka ƙarasa. Ko haka zan fita?"

Babu gyaran da za a yi wa kan sai a kwashe duka. Ya kwashe. Bai taɓa yi wa kowa aski da irin wannan ladabi ba. Ya bi bayan kunne, ya shafa man sanyi, ya kaɗe wuya da hoda. Injiniya ya shafa kansa sau ɗaya, ya bar matajin a kan tebur, ya fita.

Mai aski ya tsaya a ƙofa. Ya ga ƙwalƙwalin kan ya sunkuya a gaban kwamfuta, ya ga yana rubutu, ya ga ya danna wani abu ya jira. Sannan Injiniya ya tsallako da 'yar takarda a ninke.

"Ga lambarka. Sauran kuma na goge, har kwandon shara na zubar."

Mai aski ya warware takardar. Farkon lambar na nan, ƙarshenta na nan. A tsakiya, inda lambobi uku za su zauna, fili ne fari.

"Gefe da ƙeya," in ji Injiniya. Ya juya ya tafi.

Kawu ya leƙa takardar ta kan kafaɗarsa, ya yi lissafi da leɓe. "Lamba dubu ce fa za ka gwada, ɗana."

Rana ta sauko daidai rufin shagunan tsallake. Mai aski ya juya allon ƙofa zuwa an rufe, ya zauna a kujerar da gashin ke zube a ƙarƙashinta. Ya cike gurbin da sifiri uku, ya kira. Lambar ba ta aiki. Ya sa sifiri biyu da ɗaya. Wani ƙato ya ɗauka, ana jin ƙarar inji a bayansa.

"Wa ke magana?"

Ya katse. Ya sa sifiri biyu da biyu.