Bangon da Ya Zo a Jirgi

Tianci ya iso da motar kwasar ɓaraguzai, ya tarar uwarsa Bilian ta ɗare kan tarin bangon gidansu da guguwar jiya ta kayar. Furannin da take sawa a gashi na nan a ka, a hannu kuma wuƙar ɓare kawa, naman tekun nan mai ɓawo.

"Inna, sauko mana. Malam Zeng na da wani aikin da rana."

"To ya tafi aikinsa. Wa ya riƙe shi?"

Zeng direba ya leƙo ta taga yana dariya. "Goggo, ɓawon kawa ne fa! Ko a bolar bakin kasuwa sai ki cika kwando goma."

Wannan magana ce ta sauko da ita. Shekara sittin tana ɓare kawa a gaɓar Quanzhou, sai yau wani mai tuƙi zai koya mata ɓawo? Ta zaro ɗaya daga kwandon da ta ɓare da safe, ta ɗauko ɗaya daga bangon, ta ɗora masa su a tafi. Na kwandon bai fi cokali ba. Na bangon kuwa ya zarce tafin nasa har wuyan hannu.

"Nuna min ruwanmu da ke haifar wannan, kai masani."

Zeng ya juya ɓawon a tafinsa. Bilian ta ci gaba.

"Kakata ta ce jirage ke tashi daga nan shaƙe da tangaran da siliki, har ƙasar Larabawa da ta baƙar fata. In sun sauke kaya sai jirgi ya yi sakayau, iska ta riƙa wasa da shi. Sai su loda masa ɓawon can ya yi nauyi, su dawo gida da ransu. Mu kuma muka gina ɗaki da shi. Gishiri ba ya cin sa, ƙwaro ba ya huda shi."

Tianci ya ji labarin nan ya fi sau ɗari, amma bai taɓa riƙe ɓawon a hannu ba, kullum yana manne a bango. Shi da ke tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, yana loda akwatunan takalma zuwa garuruwan da a takarda kawai ya san su, har yau bai taɓa ƙetare teku ba. Ashe bangon da ya yi wa fitsari yana yaro ya fi shi yawon duniya. Kunya ta kama shi, da wani alfahari da bai shirya masa ba.

"Inna, ko an bar shi, wa zai gina? Masu aikin duk sun mutu."

"Ni na mutu ne?"

Ya dubi bulon simintin da ya riga ya sayo, jere a bakin lungu. Sannan ya yi wa Zeng alama ya tafi.

Bayan motar ta fice, ya kwaɓa ƙasa da farar ƙasa kamar yadda ta ce, ya ɗauki ɓawo mafi girma ya dasa, bakinsa na kallon sama. Sai ji ya yi an ƙwala masa ƙotar wuƙa a bayan hannu.

"Kwano kake jera wa ruwan sama? Kife shi, ka karkata shi waje, na sama ya hau na ƙasa kamar ɓawon kifi."

Ya kife shi. Ta miƙo masa na biyu.