Ƙahon Bijimin Lado

Mukarrama ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti da ke Malikanchi, amma a Ikara take zaune. Motar da take hawa ta rance ce, kuma waɗanda suka ba ta rancen sun sa mata sharaɗin yin cikakkiyar inshora. Shekaru suka wuce ba ta taɓa neman diyya ba, don haka kowace shekara kamfanin inshorar yake yi mata rangwame.

Ran wata kasuwar Hunkuyi ta tsaya sayen masara, sai garken shanu ya ratso ta gefen titi. Wani bijimi ya soki ƙofar motar da ƙaho, ya lotsa ta. Nan take ta kira Salman, wakilin kamfanin a Zariya, domin ya sha jaddada mata cewa duk abin da ya sami motar ta sanar da su. Tana kashe wayar mai shanun ya iso, wani dattijo mai suna Lado. Ya yi ta ba ta haƙuri, ya kuma dage shi zai biya gyaran. Ya biya kuwa, mai gyara ya bubbuga ƙofar ta miƙe, ya fesa fenti. Ta aika wa Salman saƙo cewa magana ta wuce.

Da lokacin sabuntawa ya zo, ta tarar an janye rangwamen, kuɗin ma ya ƙaru. Ta nemi a riƙe mata aiki, ta tafi Zariya.

"Malam Salman, ko sisi ban karɓa a hannunku ba," in ji ta bayan sun gaisa.

"Haka ne, Hajiya. Amma rahoton da kika bayar har yanzu a buɗe yake. Sai mai shanun ya zo ya shaida shi ya biya, sannan a rufe."

"Da na yi shiru fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Da kin yi shiru, in aka gano daga baya, inshorar gaba ɗaya za a soke."

Ranar hutunta ta nufi rugar su Lado da ke bayan Kudan. Turaku kawai ta tarar da busasshen kashin shanu. Wata mata mai tsince gyaɗa a gona ta ce mata sun yi kudu da dabbobi, sai damina ta faɗi za su dawo, in sun dawo nan ɗin. Lado kuma ba ya riƙe waya.

Mukarrama ta daɗe zaune cikin mota, ƙafafunta na zogi, ga tsohuwar inshorar tana gab da ƙarewa. Daga nan ta kira Salman ta ce ya sabunta a yadda suka ce. Ya yi alkawarin zai duba maganar idan Lado ya bayyana. Ta ce to, Allah ya kai mu.

Ta tayar da mota ta kama hanyar Malikanchi, domin duk da hutu take, an kira ta daga asibiti cewa akwai mai naƙudar fari da ke jiranta.