Ragunan Gidan Malam

Shekara talatin da ɗaya Bawa mahauci yana sayar da nama a jikin katangar gidan Malam Sa'ad a unguwar Minanata. Malam da bakinsa ya ba shi wurin, gaban mutanen masallaci, ya ce: "Naka na, dindindin." Ba a rubuta komai ba. Wa zai nemi takarda a hannun malami?

Shi kuma Bawa, kowace babbar Salla shi ke feɗe ragunan gidan, ya buɗe su a kan itace, ya jera su gefen wuta yadda Sakkwatawa ke gashin layya. Bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Malam ya rasu. Ko wata uku ba a yi ba, babban ɗansa Sharifuddeen, wanda ya yi karatu a waje, ya kira Bawa zaure. Shaguna yake son ginawa a wurin da Bawa ke sayar da nama.

"Amma Malam yac ce dindindin," in ji Bawa.

Sai ga Sharifuddeen ya gyara zama kamar mai tafsiri. "Baba Bawa, mi an nuhi da dindindin? Dauwama ke nan. Ita ko dauwama daga Larabci munka samo ta, abin da ba shi gushewa, ba shi sakewa. Wagga sihwar Allah ta, Shi kaɗai. Babu abin da ka dauwama ga ɗan Adam."

Kai, ilimi a hannun maras kunya! Yaron da Bawa ya yanka ragon sunansa, yau shi ke koya masa asalin kalma don ya kore shi. Zuciyar Bawa ta tafasa. Washegari ya kwashe teburinsa a baro.

Ranar Salla, bayan an sauko idi, wayarsa ta yi ƙara, Sharifuddeen ne.

"Baba Bawa, ina kake? An yanka raguna bakwai, ga su kwance cikin rana. Kai aka jira, kamar kullum."

"Kullum?" Bawa ya ce. "Malam ƙarami, ai kai kak karantar da ni. Babu abin da ka dauwama ga ɗan Adam."

Ya kashe wayar. Sai idonsa ya faɗa kan wuƙaƙensa a tabarma. Tun jiya ya wasa su saboda gidan Malam, bai ma san ya yi ba.