Yadda Aka Raba Kalmomi a Ƙungiyar Citta

Doreen ta dawo daga bautar ƙasa da kwamfuta a jaka da maganar Legas a baki. Wata ƙawarta ta yi mata alkawarin gefen katifa a can, wai idan ta je aiki ba zai yi wuya ba. Ni kuwa ita kaɗai gare ni 'ya mace, kuma abin da na sani game da Legas shi ne mutum ya shiga mota da waya a aljihu ya sauka babu ita. Uwarta ta kai maganar wurin Zumuntan Mata na majami'a aka sa a addu'a. Ni na kai tawa wurin Ciyaman.

Ni ne mai awo a ɗakin ajiyar ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar citta da ke Kafanchan. Ciyaman ɗinmu Andrawus ne, mutumin Kwoi, wanda ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma amma muryar ofis ba ta yi ritaya da shi ba. Tun shekarar da cuta ta cinye citta a gonaki, ƙungiya take neman hanyar da za ta sayar da ɗan abin da ta samu kai tsaye ga manyan masu saye, ba tare da dillalai sun cinye ribar a tsakiya ba. Da na gaya masa 'yata ta koyi aikin talla a intanet, sai ya ce a kawo ta a gwada. In an ga amfani zuwa ƙarshen kakar saye, za a ba ta kujera da albashi. In ba a gani ba, to, hanyar Legas a buɗe take.

Kafin ranar taro ta zaunar da ni ta yi mini bayani, don kada in ji kunya a gaban mutane. Ta ce wannan talla ba irin ta rediyo ba ce da ake yi wa kowa ihu. Mai saye a Kano ko Legas ko ƙasar Larabawa shi ne zai buɗe Gugul ya rubuta abin da yake nema, misali busasshiyar citta, ko mai sayar da citta buhu-buhu a Najeriya. Waɗannan kalmomi su ake kira kiwod. In ka riga ka zaɓe su, tallarka za ta fito masa a sama, da adireshin shafinka a jikinta. Ya danna, adireshin ya kai shi inda zai ga kaya da farashi da lambar waya. Ba a biya sai an danna, kuma kowace dannawa tana cin wani abu daga kuɗin da ka ware na ranar. In kuɗin ranar ya ƙare, talla ta ɓace sai gobe.

Na gane, har na maimaita mata. Na ce ai wannan kamar ɗana tarko ne a hanyar gafiya, ba a tsakar gida ba. Ta ce haka ne, Baba.

Ranar taro ta haska kalmominta a bango. 'Yan kwamiti suka shiga karantawa. Akwai Alhaji Jamiluddeen, mataimakin ciyaman, wanda tun kakansa suke da rumfa a kasuwar Kafanchan. Akwai Madam Hellen sakatariya, 'yar Samaru Kataf. Akwai kuma ɗan baffana Leonard mai wakiltar Nok, garinmu.

Ciyaman ya cire tabarau ya ce, "Yarinya, aikin ya yi kyau. Amma waɗannan kalmomi naki, na wane ne?"

Doreen ta ce ba na kowa ba ne, na mai saye ne, abin da zai rubuta ke nan. Ciyaman ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi Madam Hellen. A ƙasarmu abin da ba na kowa ba ne shi ya fi kawo rigima, don kowa yana zargin na wani ne aka ɓoye. Mu da muka saba raba komai, daga kujerun kwamiti har zuwa wanda zai buɗe taro da addu'a da wanda zai rufe, ba za mu bar kalmomi su tafi haka ba a raba ba.

Ciyaman ya ce duk duniya ta san citta ta Kwoi ce, saboda haka a sa Kwoi. Leonard ya miƙe ya ce tun Kwoi ba ta san kanta ba Turawa suke zuwa Nok kallon kayan tarihi, in za a sa sunan gari Nok ce farko. Madam Hellen ta ce ita ba ta son surutu, amma in ta koma Samaru ba sunansu, ba ta san abin da za ta gaya wa mata ba. Sai wani ya kawo shawarar a sa sunan Ciyaman shi ma, don girmamawa. Nan Alhaji ya yi gyaran murya, kuma kowa ya gane. Aka sa sunan Alhaji, don kada a ce an yi bambancin addini a intanet.

Doreen ta yi ƙoƙari. Ta ce babu ɗan kasuwa a Dubai da zai tashi da safe ya rubuta sunan Ciyaman. Ciyaman ya ce wannan rashin sani ne, yana da ɗalibai har a Ingila tun lokacin da ya yi koyarwa. Ni ina daga baya kusa da sikeli ina yi mata alama da ido ta yi haƙuri.

Sai aka zo kan adireshi. Ita ta so mai dannawa ya faɗa kai tsaye a shafin da ke da hoton citta da farashi. Ciyaman ya ce baƙo ba ya shiga gida ya wuce rumbu bai gai da mai gida ba. Don haka adireshin ya fara kai mutum shafin jawabin maraba, inda hotonsa yake da babbar riga, sannan hoton Alhaji, sannan tarihin ƙungiya tun daga kafuwarta. Wanda ya daure ya kai ƙasa zai ga wani ɗan rubutu da zai kai shi wurin citta. Abin da Doreen ta iya cetowa shi ne kalmominta na asali, da aka yarda su zauna a gefe kamar marayu.

Da mako ya zagayo ta kawo rahoto, kamar yadda aka koya mata, ta nuna kowace kalma da yawan dannawar da ta samu. Ba ta san abin da ta kunno ba. Kwoi ce a sama, don Ciyaman kullum da safe sai ya nemi garinsu da sunansa ya danna ya ga ko hotonsa na nan. Nok ce a ƙasa.

Ban kai gida ba Leonard ya kira ni. Ya ce, "Ɗan'uwa, 'yarka ce a kan na'ura, kuma a ce Nok ce ta ƙarshe? Da wane ido za ka shigo gari ranar Kirsimati?"

Na yi masa bayanin tarko da gafiya, ya ce shi bai kira ni don farauta ba. Ranar Lahadi bayan sujada aka yi sanarwa a Nok, duk mai babbar waya ya rubuta cittar Nok ya danna. 'Yan acaba suka ɗauki abin kamar gayya. Kwoi ta ji labari ta tashi matasanta. Madam Hellen ta tura saƙo a zauren waya na Zumuntan Mata na Samaru, har da hoton inda za a danna. Yaran rumfar Alhaji kuwa, kafin su buɗe shago sai kowa ya danna sunan mai gida, shi ne gaisuwar safe.

Abin da ya biyo baya kowa zai iya hasashensa, ban da kwamiti. Kafin hantsi kuɗin ranar ya ƙare. Lokacin da mai saye na gaske zai zauna a ofishinsa ya nemi citta, tallarmu ta riga ta ɓace, mun cinye ta da kanmu. A taro kuwa murna ake yi, don dannawa ta ninka. Ciyaman har ya ce yarinyar nan tana da albarka a hannu. Doreen ta ce masa babu ko mutum ɗaya da ya kira yana son buhu. Ya ce a bi a hankali, suna ake fara yi kafin ciniki.

Na ga 'yata ta fara ramewa. Wata safiya kafin in fita ta ce mini ta samo dabara. Ashe ana iya gaya wa na'ura inda za ta nuna talla da inda ba za ta nuna ba. Ta toshe Kafanchan da Kwoi da Nok da Samaru da duk kewayenmu, ta bar Kano da Legas da ƙasashen waje. Ta kuma juya adireshin kalmominta marayu ya tafi kai tsaye shafin citta. Na tambaye ta ko ta gaya wa Ciyaman. Ta ce sakamako zai gaya masa. Ni dai na fi ta sanin mutanen da nake auna wa kaya.

A wannan makon, wayar ɗakin ajiya ta yi ƙara, ni na ɗauka. Wani ne daga Kano, Alhaji Zubair, mai tura kaya waje. Ya tambayi irin bushewar cittarmu da yawan abin da za mu iya haɗawa, ya ce a tura masa samfuri. Bayansa wata mata ta kira daga Legas. Na rubuta lambobinsu, na ce a raina Ubangiji ya ji addu'ar uwar Doreen.

Amma a daidai wannan lokaci Ciyaman ya nemi sunansa a waya bai ga kansa ba. Ya sake nema, ya ba matarsa ta nema a tata wayar. Leonard ya kira daga Nok ya ce an share su daga duniya. Aka kira taron gaggawa.

Doreen ta yi bayani tiryan-tiryan, ni kuma na tashi na ba da shaidar kiran Kano da na Legas. Ciyaman ya ce mutumin Kano ai tsohon sunan Kwoi ne ya jawo shi. Alhaji Jamiluddeen ya ce wataƙila ma wani ɗan'uwansu ne a kasuwar Dawanau ya ba da labari. Madam Hellen ta tambaya, cikin ladabi, yadda za a yi su tabbatar kuɗin talla yana tafiya wurin talla, tunda babu wanda yake ganinta da idonsa. Kalmar sata ba ta fito ba, amma ta zauna a ɗakin tare da mu.

Ciyaman ya rufe da cewa, "Tallan da mutanen Kafanchan ba su gani ba, ba talla ba ne. Ki dawo mana da abinmu, ko ki ajiye mana makulli."

A hanyar gida, da muka wuce tashar jirgin ƙasa, ta juyo wurina. Ta ce, "Baba, in na mayar, aikin banza zan riƙa yi ana biyana."

Na ce mata rabin mutanen da ta gani a ɗakin nan da haka suka gina gidajensu. Na ce aikin banza a Kafanchan, inda uwarki za ta san kin ci tuwo, ya fi mini aikin kirki a garin da ba mu da kowa. Na ce citta ba tata ba ce, ƙungiya ba ta ubanta ba ce. Na faɗi abubuwa da yawa, har da ciwon hawan jinin uwarta, wanda gaskiya ne yana nan.

Ta dube ni ta ce, "To, Baba. Zan ba su abin da suke so, har da ƙari."

Haka ta yi. Ta juya toshewar, yanzu tallar ba ta fita ko'ina sai Kudancin Kaduna. Ta cire kalmominta marayu gaba ɗaya, ta ƙara wa kowane gari nasa, har Zonkwa da Kagoro da suka aiko wakilai suna kuka an manta da su. Da yake babu wani a duniya da ke takarar sayen sunan Ciyaman, dannawar ta yi araha, kuɗin rana yana kaiwa har yamma. Kowa ya nema ya ga kansa. Alhaji Zubair ya sake kira yana jiran samfuri, aka ce masa sai kwamitin samfuri ya zauna, don ba a daidaita cittar wane gari za a tura ba. Bai ƙara kira ba.

Da kaka ta ƙare aka tabbatar wa Doreen da aiki, aka ba ta tebur da fanka da muƙamin Daraktar Intanet. A bikin ƙarshen shekara aka sayo kofi don garin da ya fi dannawa. Nok ce ta ci. Leonard ya zo da makaɗa a bayan a-kori-kura, kuma Doreen aka sa ta miƙa masa kofin. Ta miƙa tana murmushi irin na ma'aikatan banki.

Yanzu ƙarfe huɗu tana gida. Tana taya uwarta girki, ta shiga ƙungiyar mawaƙa a majami'a, ta ma yi ƙiba kaɗan. Kwamfutar tana ofis, ba ta ƙara zuwa da ita gida ba. Jiya na tambaye ta yadda aiki yake tafiya, ta ce lafiya lau, Samaru ce a gaba wannan watan.